Tiya ɗaya ga kowa

Ƴan kasuwa maza da mata, wanda ke saye da babbar tiya ya sayar da ƙarama, macuci ne. Yarjejeniyar hana bazuwar makaman ƙare dangi ta 1968 ciniki ce: marasa bam ba za su ƙera ba, masu shi kuma za su nemi hanyar kwance nasu. Nijar ta shiga a 1992, ta riƙe alkawari. Amma a 2003 aka fito da takardun jabu, wai Iraƙi na neman uraniyom ɗinmu. Hukumar nukiliya ta duniya ta ƙaryata, aka dai kai yaƙi. Amurka, Rasha, Ingila, Faransa da Sin kuwa har yau suna rungume da bama-bamansu. Shugabanninmu su tsaya kan a auna kowa da tiya ɗaya.