Kafin Mu Tare a Gidan Aro, Mu Duba Ƙofar Fita



A zaman ƙungiyarmu na ƙarshen wata, wata 'yar uwa ta ba mu labarin da ya sa jikin kowa ya yi sanyi. Shekara biyu ta yi tana rubuta littafi a waya, duk babin da ta gama sai ta tura wa masu karatunta. Rannan aka zare wayar a cikin Keke Napep. Babi arba'in da wani abu, yanzu tana bin mutane ɗaya bayan ɗaya tana roƙon wanda ya adana ya turo mata. Ta samo talatin da ɗaya. Tun daga ranar tambaya ɗaya ke ta yawo a tsakaninmu: a cikin dandalolin da ake buɗewa kyauta, wanne ya kamata marubuci ya zuba rubutunsa?

Ra'ayinmu shi ne, duk dandalin kyauta gidan aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Don haka abin da za mu fara dubawa shi ne: ranar da mai gida ya ce a tashi, za mu iya kwashe kayanmu cikin sauƙi?

Wannan ranar tana zuwa kuwa. Google da kansa ya rufe Google+ a 2019. Facebook ya dakatar da sashen Notes a 2020, inda da yawa daga cikin yayyenmu suke zuba maƙalu. OkadaBooks, wanda marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafai a kansa, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Ko dandali bai mutu ba ana iya toshe hanyarsa, kamar yadda gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka nemi shawarar marubuci kafin a yi.

To bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Blogger shi ne dattijo. An kafa shi a 1999, Google ya saye shi a 2003. Duk mai Gmail yana iya buɗe shafi cikin mintuna kaɗan, da waya kawai. Ba ya cin data sosai, ba ya manna maka tallar da ba ka nema ba, kuma in ka sayi adireshinka na kanka za ka iya ɗora shi a kai ba tare da Google ya karɓi ko kwabo ba. Akwai wurin da za ka sauke duk rubutunka a fayil guda. Aibinsa shi ne ya tsufa, adonsa kaɗan ne, kuma babu mai kawo maka masu karatu sai ka je ka kira su. Sannan tun daga Disambar 2023 Google na da damar goge asusun da aka shekara biyu ba a shiga ba, don haka mai shafi ya riƙa leƙawa.

WordPress iri biyu ne, kuma nan ne mutanenmu ke rikicewa. Akwai manhajar da aka fitar a 2003, ita kanta kyauta ce amma sai ka biya kuɗin masauki a intanet. Akwai kuma WordPress.com, wanda ke ba da ɗaki kyauta. Ya fi Blogger kyan gani da tsari, ƙofar fitarsa ma a buɗe take, har yana iya karɓar kayan da ka kwaso daga Blogger. Sai dai a tsarin kyauta kamfanin yana saka tallarsa a shafinka, kuɗin kuma nasa ne, wurin ajiyar hotuna ƙayyadadde ne, abubuwa da yawa kuma sai ka biya da dala.

Medium da Substack suna da tsafta, rubutu yana fita fes. Amma jama'ar da ke yawo a cikinsu masu karatun Turanci ne, mai rubutun Hausa zai iya zama kamar mai tallar fura a unguwar da ba a shan ta. Abin da ya burge mu a Substack guda ne: adireshin imel na masu bibiyarka naka ne, in za ka tashi da su za ka tafi. Matsalar ita ce masu karatunmu nawa ne ke buɗe imel?

Wattpad kuwa can ne kasuwar ƙagaggun labarai take ci, kuma akwai masu karatun Hausa a ciki sosai. Mai rubuta labari babi-babi zai ji daɗinsa. Sai dai bai dace da maƙala ko sharhi ba, kuma mai karatu na manhajar ne, gobe in wani labarin ya fi naka zafi can zai koma.

Mun san abin da wasu za su ce: jama'armu suna Facebook da WhatsApp, me zai kai mu inda babu kowa? Maganarsu da ƙamshin gaskiya. Rubutun da ka saka a nan zauren zai iya samun masu karatu ɗari kafin la'asar, a shafinka kuwa wataƙila goma. Amma ku gwada nemo rubutun da kuka saka shekara uku da suka wuce, ku ga wahala. Kuma ranar da wani ya kwashe littafinki ya canja suna, ko ya karanta shi a murya yana samun kuɗi, shafin da ke ɗauke da sunanki da kwanan wata zai taimaka miki wurin kafa hujja fiye da saƙon da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya. Kasuwa wurin talla ce, kaya kuwa a rumbu ake ajiye su.

Masu shiga don kuɗin talla ma su yi hattara. Hausa ba ta cikin harsunan da AdSense ke karɓa, kuma ko an karɓe ka sai kuɗin ya kai dala 100 kafin a biya. Wanda ya buɗe shafi da wannan niyya kaɗai, wata uku zai yi ya watsar.

Shawararmu ga mai farawa da waya ita ce ya buɗe Blogger, da sunan da yake rubutu da shi. Mai kwamfuta da burin faɗaɗawa nan gaba ya ɗauki WordPress.com. Mai labari mai dogon zango ya haɗa da Wattpad. Duk abin da aka wallafa a kawo ɗanɗano nan zauren tare da adireshin, masu so su bi. Kafin ka tura, buɗe shafin a wayar wani ka tabbatar ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai, don wasu zanen haruffan suna mayar da su akwati. Labarin da kake shirin kai wa gasa kuwa ka riƙe shi tukuna, gasanni da yawa ba sa karɓar abin da aka riga aka wallafa.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi duk na sama: ainihin rubutun ya zauna a hannunka. Kwafi ɗaya a Google Drive ko imel, ɗaya a filashi ko kwamfuta, kuma duk ƙarshen wata a sauke na shafin a adana. Aikin minti goma ne.

'Yar uwarmu ta buɗe nata shafin makon jiya, ta ɗora babi talatin da ɗayan, sauran kuma tana sake rubuta su daga ka. Wanda yake da wani babi na littafinta a wayarsa, don Allah ya taimaka ya tura mata.

Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.