A KAI SHI ARO, KADA A SA SHI A MARI

Akwai wani ciwo da yake cin 'yan Arewa mazauna Kudu a ɓoye, daga Sabon Ibadan zuwa Agege, daga Shagamu zuwa Idi-Araba, amma shugabannin zango sun ƙi kiransa da sunansa. Likitoci suna kiransa ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 280 ne suke fama da shi a shekarar 2019. Wanda yake zaton babu Bahaushe a cikin wannan adadi, to, yaudarar kansa yake yi.

Labarin zuciya a tambayi fuska. Ɗan dakon da kullum yake riga kowa isa kasuwa sai ya daina fita. Mai gadi ya kasa barci ko da rana, mai shayi ya bar teburinsa ya yi ƙura, mai jego ta zauna tana kuka ba ta kula jaririnta. Abinci ya fita daga rai, jiki ya rame, mutum ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani ga kowa. Idan irin wannan hali ya zarce mako biyu ba sauƙi, ya wuce ɓacin rai na yau da kullum, ya zama ciwo kamar ciwon suga ko hawan jini.

To, me jama'a suke yi? Wasu su ce lalaci ne, wasu su ce rashin tawakkali ne, wasu kuwa su ce sammu ne ko aljanu. Daga nan sai a yi karo-karo a sa shi a motar kaya a tura shi gida, don a rabu da nauyi. In ba haka ba, sai a kai shi gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa. A watan Nuwamba na shekarar kuma aka fito da wasu 259 a Ibadan. Allah wadai da wannan aiki! Wace sarƙa ce ta taɓa warkar da zuciya?

Masu cewa addu'a ta wadatar, sai su amsa: me ya sa idan ƙafarsu ta karye suke neman mai ɗori? Addini ya umarci mutum ya nemi magani, kuma ba a taɓa jin addu'a ta yi faɗa da asibiti ba. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gane haka tun 1954, sa'ad da ya kafa tsarin jinya na ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta. Majinyaci yakan sauka a gidan mutanen ƙauye tare da ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti karɓar magani, har masu maganin gargajiya aka jawo cikin aikin. Duniya ta yaba wa wannan tsari, Lambo kuma ya kai matsayin mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Yawancin masu wannan ciwo ba sa bukatar kwanciya. Ana duba su, a ba su ƙwayoyi da shawara, su koma sana'arsu, sai dai maganin yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, kuma ba a yanke shi sai da izinin likita. Amma idan mutum ya ƙi ci da sha, ko ya fara rabar da kayansa yana neman gafara kamar mai bankwana, ko ya ambaci kashe kansa, to, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a jira gobe. Gado a asibiti ne haƙƙinsa. Akwai asibitin tarayya na Aro, akwai na Yaba a Legas, akwai na Uselu a Benin, da na Enugu da Kalaba, ga kuma Asibitin Koyarwa na Ibadan. Kwanciyar ta ɗan lokaci ce: a tsare ransa, a daidaita masa magani, a sallame shi.

Saura aikin Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan goro da 'yan shanu da direbobi. Asusun da ake tarawa don kai gawa gida, a ware wani abu daga cikinsa don ceton mai rai. A haɗa kowane majinyaci da mai rakiya wanda yake jin Turanci ko Yarbanci, domin likita ba ya warkar da damuwar da bai ji bayaninta ba. Gwamnati kuwa, tun da a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958, sai ta sa tafintoci a waɗannan asibitoci, ta rage tsadar gado ga talaka. Doka a takarda ba ta kwance mari.

Zuwa Aro ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne zango guda ya zuba ido ɗansa ya lalace, sa'an nan a taru a zauna makoki ana cewa kwana ne ya ƙare.