A Bar Yara Su Yi Shigar Jaruman Fim

Bai kamata a tsawata wa yaron da tsohon fim ya shiga ransa har ya fara shigar jarumin ciki ba. Finafinan Indiya sun daɗe da samun gindin zama a ƙasar Hausa, kuma irin su Mother India na 1957 da Sholay na 1975 sun yi tashe a gidajen sinima na Kano. Yarinyar da ta naɗa gyalen uwarta kamar sari, ta saɓa itace a kafaɗa a matsayin garma tana kwaikwayon Nargis, jarumar Mother India, koyon shiga halin wani take yi: halin uwar da bashi ya danne amma ta ƙi sayar da mutuncinta. Tausayi da riƙe labari take koya, kuma faɗa da baki kaɗai ba ya dasa su.

Wasu za su ce wannan ƙofa ce ta baƙuwar al'ada. Damuwarsu tana da tushe, domin Sholay kansa cike yake da harbe-harbe. Sai dai sauya kama ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Daga goma ga watan azumi yara ke fita tashe, su manna gemun auduga, su dogara sanda su zama tsofaffi, jama'a na dariya suna ɗaukar darasi. Aikin iyaye shi ne su zaɓi fim ɗin, su zauna a kalla tare, su tambayi yaro abin da ya burge shi game da jarumin. Hani ba ya kashe sha'awar, sai dai ya kai ta inda babu babba mai gyara.