Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Majalisar EYN

Iyayenmu shugabannin Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya,

Tun da aka fara wa'azi a Garkida a 1923, mata ke riƙe da wannan ekklesiya. Da Boko Haram ta mamaye hedikwatarmu a Kwarhi a 2014, jama'a suka warwatse, Zumuntar Mata ce ta rungumi gwauraye da marayu, ta riƙa tara mutane addu'a a wuraren gudun hijira. Matanmu suna karatun tauhidi a makarantar Kulp, aji ɗaya da maza, jarrabawa ɗaya. Amma ranar naɗin fastoci sai su koma 'yan kallo. Ina roƙonku ku buɗe musu wannan ƙofa.

Za a kawo 1 Timoti 2:12, wadda ta hana mace koyarwa ko iko a kan namiji, kuma ba na raina ayar. Sai dai Bulus ɗin da ya rubuta ta shi ne ya yaba wa Fibi, ma'aikaciyar ekklesiyar Kankiriya, a Romawa 16. Bilkisu ma, tare da mijinta Akila, ta ƙara wa Afolos fahimtar hanyar Allah. Dole a karanta ayoyin nan gaba ɗaya. Ga masu cewa naɗin mata al'adar Turawa ce: uwar ekklesiyarmu a Amurka ta amince tun 1958, gaskiya ne, amma a nan gida ekklesiyar Presbyterian ta naɗa Mgbeke Okore a 1982, ba ta kuwa rushe ba. Ku sa batun a gaban Majalisa mai zuwa, ku kuma bar matan su yi magana da bakinsu.