Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kebbi, Dokta Nasir Idris, Kauran Gwandu

 

Ina rubuto maka daga Zauro, kuma na san wanda nake yi wa magana. Kafin ka hau kujerar gwamna a watan Mayu na 2023 ka riƙe alli, ka kuma shugabanci Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya, NUT. Saboda haka ba sai na tsaya yi maka bayanin yadda ofishin malamai yake da ƙarfe goma sha ɗaya na rana ba, ko yadda malamin lissafi ke ji idan ya gama darasi ya ga idanun yara sun nuna ba a fahimta ba. Roƙona guda ne: a duk lokacin da jiharmu za ta sayi littattafan da malaman sakandare za su karanta don gyara sana'arsu, a bar malaman da ke cikin aji su zaɓa, kuma a ba su lokacin karantawa.

Littafin ɗalibi daban, littafin malami daban. Na farko yana gaya maka abin da za a koyar. Na biyu yana nuna maka yadda za ka sa abin ya zauna a kan yaro. Yawancinmu rabonmu da irin wannan na biyun tun muna neman shaidar NCE ko digiri, wasu a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, wasu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wasu ta karatun nesa na Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Bayan an karɓi takardar ɗaukar aiki, sai taron bita na 'yan kwanaki, a raba takardu da alawus, kowa ya koma makarantarsa ya ci gaba da koyarwa kamar yadda aka koyar da shi. Hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda aka kafa da doka a 1993, tana buƙatar malami ya riƙa ƙaro sani muddin yana aiki. To da me zai ƙaro, idan babu littafi ko ɗaya a makarantarsa da aka rubuta dominsa?

Hanya mafi sauƙi ita ce a ba da kwangila, a sauke katan-katan, a ɗauki hoto. Ina roƙon kada a bi ta. Wanda bai taɓa tsayawa gaban aji mai cunkoso a watan Afrilu ba, ba zai iya bambance littafin da zai yi aiki da wanda zai kwanta a sito har gara ta cinye shi ba. Manomin fadamar Zauro ba ya zuba irin shinkafa a gonarsa don an yabe shi a wata ƙasa. Sai ya ga yadda ya yi a gonar maƙwabci, ya ga ko yana jure ambaliyar gulbin Rima, sannan ya saya. Ba don komai shinkafar FARO 44 ta bazu a fadamunmu ba sai don an gwada an gani. Littafin malami ma gwaji yake buƙata a ajinmu.

Ajinmu kuwa yana da halinsa. Yara suna da yawa. Da Turanci ake koyarwa, amma yaron da ke zaune yana tunani ne da Hausa, ko Fulatanci, ko Zabarmanci, ko Dakarci idan can ƙasar Zuru ce. Da yawa sun shigo aji ɗaya na ƙaramar sakandare karatunsu bai nuna ba. Ɗakin gwaje-gwaje, inda akwai shi, sau da yawa babu kayan aiki. Lokacin girbin shinkafa kujeru kan ragu. Duk littafin da bai san da waɗannan abubuwa ba, rabinsa ba namu ba ne. Teach Like a Champion na Doug Lemov, wanda ya fito a 2010, ya yi suna a duniya, kuma akwai dabarun tambaya da na kula da aji a cikinsa da za su amfane mu. Amma daga makarantun Amurka aka tattaro shi, kuma tun da darajar Naira ta faɗi a 2023, kuɗin kwafi ɗaya na irin waɗannan littattafai zai iya buga ƙananan littattafai masu yawa a maɗaba'un Birnin Kebbi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, mafi amfanin abin da malami zai karanta kyauta ne, kuma yawancin malamanmu ba su taɓa riƙe shi a hannu ba. Bayan kowace jarrabawa, hukumar WAEC tana fitar da rahoton manyan masu duba takardu, fanni-fanni, tana faɗin inda ɗalibai suka yi tuntuɓe da dalilin haka: wace tambaya ce ba su gane ba, wane zane ne suka kasa yi wa laƙabi, wane mataki suke tsallakewa a lissafi. Yana nan a intanet. Malamin ilimin sinadarai a makarantar Kanta da ke Argungu ko ta Nagari da ke Birnin Kebbi, idan ya zauna da rahotannin shekaru uku a jere, zai san abin da zai gyara a zango mai zuwa fiye da yadda kowane taron bita zai sanar da shi. Akwai kuma ɗan ƙaramin littafin Barak Rosenshine kan ƙa'idojin koyarwa guda goma, wanda ofishin ilimi na UNESCO ya buga a 2010. Abin da yake koyarwa ba ya buƙatar lantarki: a soma da bitar darasin jiya, a kawo sabon abu kaɗan-kaɗan, a yawaita tambaya, a tabbatar an gane kafin a wuce. Sannan akwai kayan shirin TESSA, wanda Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila ta shirya tare da cibiyoyin horar da malamai na Afirka tun 2005, har da ɓangaren kimiyya na sakandare. Domin ajin Afirka aka rubuta su, kuma an yarda a kwafa, a gyara, a raba. Data tana da tsada, karatu a waya kuma yana gajiyar da ido. A buga su a takarda, a ɗinke, a kai kowace makaranta.

Wa zai zaɓa? Malaman fanni. A ɗauko waɗanda har yanzu suke shiga aji, maza da mata, daga masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, na birni da na ƙauye, a haɗa su da rassan ƙungiyoyinsu irin su STAN ta malaman kimiyya da MAN ta malaman lissafi. A ba su littattafan su gwada zango guda, su dawo su faɗi abin da ya yi aiki. Gara littafi biyar da aka gwada da hamsin da ba a buɗe ba. A kuma tuna da malaman babbar sakandare musamman, domin kuɗin horar da malamai da ke zuwa ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya, UBEC, bisa dokar 2004, iyakarsa ƙaramar sakandare. Kebbi tana cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya don ilimin 'yan mata. Idan ana gyara azuzuwa a ƙarƙashinsa, ai kanta ɗaya ta littattafan malamai a kowace makaranta ba za ta gagara ba.

Ranka ya daɗe, littafi shi kaɗai ba ya koyar da kowa, kuma mutanen ƙasar nan sun daɗe da sanin haka. Malam Abdullahi na Gwandu, a cikin littafinsa Ida'un Nusukhi, ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu, har da yayansa Shehu Usmanu da Malam Jibrilu ɗan Umaru, da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu. A wurinsu littafi da zaure tare suke tafiya: a karanta, a fassara, a yi tambaya, a maimaita. Wannan nake so a dawo da shi ofishin malamai. A ware sa'a guda cikin jadawalin mako, kada a ɗora ta bayan tashi, lokacin da kowa ke hanzarin zuwa gona ko kasuwa don cike giɓin albashi. Malaman fanni ɗaya su karanta babi guda, ɗayansu ya gwada a ajinsa, wani ya shiga ya zauna a baya ya gani, mako mai zuwa a tattauna. Sabon malamin da aka ɗauka bana zai koyi abin da dattijon da ya kusa ritaya ya sani kafin ya tafi da shi gida.

Daga irin wannan zama ne za a samu littafin da ba mu da shi har yanzu: wanda malamin Kebbi ya rubuta wa malamin Kebbi, mai nuna yadda ake koyar da numfashin kifi da tarwaɗa da karfasa na kogin Matan Fada, da yadda ake auna faɗin fili da gonar fadama, da yadda za a yi wa yaro bayanin kalmar kimiyya da Hausa ba tare da ya kasa rubuta ta da Turanci ranar jarrabawa ba. Malaman kwalejin Argungu za su iya tace shi, gwamnati ta buga.

Ina roƙon ka umarci Ma'aikatar Ilimin Firamare da Sakandare ta fara da buga rahotannin WAEC da ɗan littafin Rosenshine kafin zango mai zuwa, ta kuma kafa kwamitin malaman aji kafin a sa hannu a kowace kwangilar littattafai.

Allah ya yi maka jagora, ya ƙara lafiya.

Naka,
Malamin sakandare,
Zauro, Jihar Kebbi