RA'AYINMU: In Jagora Ya Yi Tuntuɓe, Ina Mabiyi Zai Sa Ƙafa?

 

A watan da ya gabata, bayan an tashi daga karatun da ake yi tsakanin Magariba da Isha'i a garin Kalgo, wani matashi daga cikin 'yan agajinmu ya tare mu a bakin ƙofar masallaci, rigarsa ta aiki a naɗe a hannu. Ya ce ya zo ne ya maido da ita. Da muka tambayi dalili, sai ya ce malamin da ya shiryu a hannunsa, wanda ya raba shi da yawon dare ya koya masa alwala da karatun salla, an ji muryarsa a wani saƙo da ke yawo a WhatsApp yana yabon mutumin da ya daɗe yana suka a kan mumbari. Ga kuma kuɗin ginin Islamiyya da aka shekara biyu ana tarawa, har yau babu wanda ya tashi ya yi wa jama'a bayaninsu. Sa'an nan ya ce: "Allah gafarta Malam, in wanda ya koya mini tauhidi zai iya wannan, to me kuma ya rage da zan gaskata?"

Ba za mu ambaci sunan kowa ba, kuma ba a shafin jarida ake yanke hukunci a kan zargi ba. Amma tambayar yaron nan ta cancanci amsa, domin mun san ba shi kaɗai ke ɗauke da ita ba. Da yawa sun riga sun janye jiki daga majalisun karatu ba tare da sun yi wa kowa sallama ba. Abin da muka saba yi wa irin waɗannan shi ne mu tsorata su da cewa naman malamai guba ne, mu rufe bakinsu, mu ɗauka mun kashe wutar, alhali kuwa toka kawai muka zuba a kan garwashi.

Mu mutanen ƙasar Gwandu ba mu da uzurin ruɗewa a kan wannan mas'ala, domin wanda ya fi kowa ɗanɗana ɗacinta yana kwance a cikin garin Gwandu tun 1829. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, shi ne farkon wanda ya yi wa yayansa Shehu Usmanu mubaya'a a Gudu a 1804, shi ne kuma ya ja runduna a Tafkin Kwatto a wannan shekara. A 1805 shi ya jagoranci buɗe Birnin Kebbi. Babu wanda zai ce ɗan kallo ne, ko kuwa mai raunin imani. To amma tun kafin yaƙin Alwasa, inda aka yi wa jama'a mummunar ɓarna, ya riga ya ga wasu daga cikin rundunar sun miƙa hannu ga dukiyar mutanen da ke da amana, ya hana bai hanu ba. Tsakanin Tsuntsuwa da Alwasa kuwa an rasa malamai da mahaddata masu yawa, wato waɗanda suka san dalilin da ya sa aka fito tun farko.

Wajen shekarar 1807 abin ya kai masa iya wuya. Ya fice daga cikin runduna tare da 'yan mutane kaɗan, ya fuskanci gabas da niyyar barin ƙasar baki ɗaya zuwa ƙasa mai tsarki. Shi da kansa ya ba da labarin a cikin Tazyinul Waraƙat, wanda ya rubuta a 1813, ya kuma bayyana abin da ya kore shi: son mulki da ya shiga zukatan 'yan'uwa, da tara ƙwaraƙwarai da tufafin alfarma da dawakin ƙawa, da cin hanci, da sakaci da masallatai da makarantu. Abin da ya fi jan hankalinmu a cikin labarin shi ne bai fitar da kansa daga cikin zargin ba. Ya ji tsoron abin da ya sami wasu ya same shi. Wannan ladabi ne da masu fushi da malamai a yau suka rasa, har da mu masu wannan rubutu a wasu lokuta.

Sai ku duba abin da ya bari da abin da ya riƙe. Ya bar mutane, ya bar muƙami, ya bar ganima, amma ko kusa bai saki Littafi da Sunna ba, bal ma da su ne ya auna mutanen ya ga sun gaza. Da ya isa Kano jama'arta suka riƙe shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. A nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, ya karantar da tafsiri, har aka farfasa kayan kiɗan fada aka mayar da itacensu abin zuba wa dawaki abinci. Daga nan ya juyo gida ya ci gaba da aiki tare da mutanen nan da ya guje wa. Da ya bi fushinsa ya wuce, da ba mu gaji wannan littafi ba, da kuma wataƙila ba mu gaji Liya'ut Ta'awil ba, tafsirin da har yau ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa.

Komowarsa kuwa ba ta sa ya yi shiru ba. Ya saɓa wa Shehu kansa a rubuce a kan mas'aloli irin su kiran shugaban Musulmi da laƙabin sarauta, da kaɗe-kaɗe, da sanya tufafin ado. Shi yana tsanantawa, Shehu yana sassautawa saboda halin da jama'a ke ciki. Me Shehu ya yi? A cikin Najmul Ikhwan ya ba da amsa da hujja, sa'an nan a cikin littafin nan dai ya umurci almajirai da su lazimci karanta littattafan ƙanensa, saboda tsayuwarsa a kan zahirin shari'a. Wane shugaban ƙungiya ne a yau zai tura mabiyansa su saurari karatun wanda ya yi masa raddi? Shehu ma ai gadon abin ya yi. Malaminsa Jibrilu ɗan Umaru ya tafi a kan kafirta masu aikata wasu manyan zunubai, Shehu ya rubuta cewa wannan ba tafarkin Ahlus Sunna ba ne, kuma bai fasa girmama shi da ambaton falalarsa a kansa ba har ƙarshen rayuwarsa.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a 1817, da Shehu ya rasu. Aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a a Sakkwato, Malam Abdullahi bai halarta ba, kuma masu tarihi sun ruwaito cewa da ya iso ya tarar da ƙofar gari a rufe. Ya koma Gwandu da abin a ransa, aka yi 'yan shekaru babu jituwa tsakanin baffa da ɗan wansa. Kada mu ɓoye wannan don kunya. Su ba su ɓoye ba. A daidai wannan lokaci ne Malam Abdussalami, wanda saboda jama'arsa ta Gimbana rikici da Gobir ya tsananta kafin hijira, ya ɗaga tutar tawaye a Kware. Shi ma yana da koke-kokensa a kan rabo da kuma zaluncin da ya ce yana gani, kuma ba duka ne marasa tushe ba. Amma hanyar da ya bi ta ƙare da zubar da jini da rasa ransa a 1818. Ragowar mutanensa suka tattaru a Kalambaina suka matsa wa Gwandu, har Bello ya taso da runduna ya kawo wa baffansa ɗauki wajen 1820. An ruwaito cewa da suka haɗu bayan nasara, Bello ya yi haramar sauka daga doki don girmama baffansa, Malam Abdullahi ya yi masa ishara da ya zauna, shi ya gaishe shi gaisuwar Amirul Muminina. Mutum biyu ke nan da aka ɓata wa rai a cikin jama'a guda, a zamani guda, kowa ya ga inda tasa ta kai shi.

Wannan ciwo bai taƙaita ga Musulmi ba. Akwai wata ɗariƙa ta Kirista da aka fi sani da Momon, mai cibiya a jihar Yuta ta Amurka, wadda tun daga tsakiyar ƙarni na 19 shugabanninta suka hana baƙar fata muƙamin limanci, ba a janye hanin ba sai a 1978. A 2013 cocin ya fitar da bayani yana nesanta kansa daga dalilan da magabatansa suka riƙa kafawa da su, kuma a shekarar ɗaya daga cikin manyan shugabanninsa ya amsa a bainar jama'a cewa shugabanni sun yi kurakurai. Mabiyansu da dama sun shiga ruɗu mai tsanani, domin a aƙidarsu shugaban cocin annabi ne mai karɓar wahayi, saboda haka kuskurensa yana taɓa tushen ginin. Mu Allah Ya hutar da mu daga wannan, domin wahayi ya yanke da wafatin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma babu ma'asumi a bayansa. An ruwaito daga Imamu Malik cewa kowa ana karɓar maganarsa ana kuma mayar masa, ban da Manzo. Sayyidina Abubakar a huɗubarsa ta farko ya nemi a taimake shi in ya daidaita, a miƙar da shi in ya karkace. Abin mamaki shi ne su da aƙidarsu ta tsananta musu sun iya furta kalmar kuskure, mu da aƙidarmu ta sauƙaƙa mana muna jin nauyinta a harshe.

Laifin ruɗewar matashin nan na Kalgo, in za mu yi adalci, rabinsa namu ne. Mun yaƙi taƙlidi a baki, sa'an nan muka gina wani sabo da hannunmu. Mun hana shi rataya ga shehunan wasu, muka rataya shi ga namu. Hoton malami a bayan babur, muryarsa a waya dare da rana, duk wanda ya ce ya yi kuskure maƙiyin Sunna ne. Yaron da aka rena a haka, ranar da malamin ya zame, dole ya ji kamar addinin ne ya zame. Mun kuma ga yadda saɓanin shugabanni ya raba Izala gida biyu, Jos da Kaduna, tun farkon shekarun 1990 har zuwa sulhun 2011, da yadda ƙananan mabiya suka ɗauki gabar da zafi fiye da waɗanda suka fara ta.

Wajibi ne kuma a rarrabe tsakanin abubuwan da ake cuɗawa. Kuskuren ijtihadi daban, kuma Ibnu Taimiyya ya keɓe littafi guda, Raf'ul Malam, don bayyana uzurorin malamai a kansa. Zunubin da mutum ya yi tsakaninsa da Ubangijinsa daban, wannan ana suturta shi a yi masa nasiha a asirce. Amma amanar jama'a, kamar kuɗin masallaci da na marayu da na makaranta, ba ta shiga babin sutura. Wanda ya ba da naira ɗari daga cinikin albasarsa ko shinkafar fadamarsa yana da haƙƙin ya ji inda ta shiga, kuma tambayarsa ba rashin ladabi ba ce. Malamin da ya ji haushin wannan tambaya, to ya binciki zuciyarsa.

Game da shakkar da ta wuce kan malami ta fara taɓa asalin imani kuwa, muna cewa ɗan'uwanmu kada ya firgita, kada kuma ya ɓoye. Sahabbai sun kai kukan waswasin da suke ji a zukatansu ga Manzon Allah, abin da suke ƙyamar furtawa, bai kore su ba, sai ma ya nuna musu cewa ƙyamar nan alamar imani ce. Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu don zuciyarsa ta natsu, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, kuma ba a zarge shi ba. Shubuha tana ƙiba ne a cikin kaɗaici, musamman ga wanda ya bar sahu ya koma kwana da waya a hannu. Ya kai tambayarsa ga wani malamin, in na farko ya fita daga ransa. Ƙasar nan ba ta yi talaucin masu ilimi ba. Kuma tauhidin da ya koya, ya koma ya duba shi a cikin Alƙur'ani da ingantattun hadisai. In ya same shi a can, to ai ba mallakar malamin ba ne tun asali, ɗauko shi ya yi ya miƙo.

Da muka ce a koma ga Malam Abdullahi, ba muna nufin a yi ayari zuwa hubbarensa neman tabarruki ba; matsayinmu a kan wannan sananne ne. Littattafansa muke nufi, waɗanda jikokin almajiransa da yawa ba su taɓa buɗewa ba, alhali Turawa sun fassara wasunsu tun shekaru masu yawa.

Saboda haka muna kira ga shugabannin rassanmu na Gwandu da Kalgo da kewaye da su karanta wa jama'a lissafin duk kuɗin da aka tara, shiga da fita, a gaban kowa bayan sallar Juma'a, kafin fitowar wata mai zuwa, kuma a riƙa yin haka duk wata uku. Muna kuma roƙon malaman da ke da majalisi tsakanin Magariba da Isha'i su sanya Tazyinul Waraƙat da Liya'ul Hukkam cikin abin da ake karantawa, a fassara su da Hausa, kada a tsallake wuraren da ke da ɗaci. Rigar agajin nan kuwa ba mu karɓa ba. Mun ce ya tafi da ita gida ya ajiye, ya dawo ranar da za a karanta lissafin, ya zauna a sahun gaba, ya yi tambayarsa da bakinsa.