SHARHI: Me ya sa ƙarshen wasan kwaikwayo ke tayar da ƙura tsakanin masu bibiya a Tsibiri da Maraɗi?

A fadojin shayi na matasan Tsibirin Gobir da Maraɗi da Jiratawa, da wuya a watse hira ba a taɓo wani wasan kwaikwayo mai dogon zango ba. Wasu ta tauraron ɗan'adam suke kallo, wasu kuma masu tura fina-finai ne ke zuba musu a waya. Muhawarar ta fi zafi idan labari ya zo ƙarshe, ko aka sauya shi ba yadda aka zata ba.

An ga haka a shirin Labarina na Aminu Saira, wanda tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2020. Mutuwar Mahmud, rawar da Nuhu Abdullahi ya taka, ta jawo ce-ce-ku-ce, haka ma ficewar Nafisa Abdullahi mai fitowa a Sumayya a 2022. Mutumin da ya shafe watanni yana sayen data ko yana biyan mai turi, gani yake shi ma yana da haƙƙi a kan yadda za a rufe labarin.

Ba sabon abu ba ne a Nijar

Tsoma bakin mai sauraro cikin shiri ya girmi Facebook da WhatsApp a wannan ƙasa. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron rediyo ta Nijar. Mutanen gari kan taru su saurari shiri, su tattauna, a naɗi ra'ayoyinsu a aika gidan rediyo domin a sake watsawa. Daga baya wasannin Hausa na su Yazi Dogo suka shiga gidaje ta rediyo da talabijin na ƙasa.

Bambancin shi ne, a wancan lokaci mai shirin da mai sauraro 'yan ƙasa ɗaya ne. Yau mafi yawan wasannin da ake bi a jihar Maraɗi daga Kano suke zuwa, ko daga kafofin ƙetare irin su DW mai shirin Ji Ka Ƙaru.

Wa ke yanke labarin?

Sau da yawa ba marubuci kaɗai ke tsara ƙarshe ba. Ficewar jarumi na tilasta a kashe shi a labari ko a maye gurbinsa. Hukuma ma na iya shiga tsakani. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da fina-finai 22 masu dogon zango, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa zargin fitar da su ba a tace ba. Mai kallo a Tsibiri bai da ta cewa a wannan hukunci, amma ya shafe shi.

Sai kuma siyasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, hukumomin Nijar sun dakatar da RFI da France 24, sannan a Disamban 2024 suka dakatar da BBC na wata uku. Kan labarai aka ɗauki matakan, amma sun nuna cewa duk shirin da ke zuwa daga waje na iya katsewa dare ɗaya. Haka kuma yanke wutar lantarki da Najeriya ta yi daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 ya tuna wa mutane darajar ƙaramar rediyo mai batir.

Gurbin da ba a cike ba

A nan ne wasan kwaikwayo na murya ke da dama, musamman ƙagaggen labarin kimiyya. Fim ɗin da zai nuna kumbo ko wata duniya yana cin kuɗin da mai shirya fim a Kano ko Maraɗi ba zai iya zubawa ba. A rediyo kuwa, muryoyi da sauti sun wadatar, sauran aikin zuciyar mai sauraro ce ke yi. A ranar 30 ga Oktoban 1938, wasan Orson Welles kan mamayar halittun duniyar Mas ya firgita wasu masu sauraro a Amurka, alhali ba su ga hoto ko ɗaya ba.

Hausa ma ba baƙuwa ba ce a fagen. A 1969, shekarar da ɗan'adam ya taka duniyar wata, aka buga littafin Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaron da aka yi tafiya da shi sararin samaniya. Fiye da shekara 50 ke nan, amma har yau soyayya da rikicin gida ne suka mamaye wasannin da ake yi.

Abin yin labari kuwa ba ya wuya a yankin. Ambaliyar Gulbin Maraɗi, kwararowar hamada da ƙarancin ruwan noman rani a Jiratawa sun isa a gina labarin yadda garuruwan za su kasance nan da shekara 50.

Babban cikas shi ne kuɗi. Gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani da Sarauniya da tallace-tallace da sanarwa suke rayuwa, wasa mai kashi-kashi kuma yana buƙatar marubuci da 'yan wasa da za a riƙa biya. Wasan da ya dogara da tallafin ƙungiya kan tsaya ranar da tallafin ya ƙare.

Ƙorafin masu bibiya dai shaida ce cewa akwai kasuwa. Abin da ya rage shi ne a samu gidan rediyon da zai rubuta labarinsa har ƙarshe kafin ya watsa kashi na farko, ya kuma samu 'yan kasuwar Maraɗi da za su ɗauki nauyinsa.